Yadda ake koya wa yara ilimin sararin samaniya da hannunsu, mataki-mataki

Malamai da iyaye sun sha tambayata yadda nake yi da yara a darasin sararin samaniya, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa, wai wane madubin hangen nesa zai saya. Toh amsar ita ce kar ka sayi komai tukuna. Na ga inda aka kashe kuɗi aka sayo madubi, yara talatin suka yi layi kowa ya leƙa na daƙiƙa goma, rabinsu ba su ga komai ba sai gashin idonsu, daga nan aka mayar da shi kwali. Abin da ke zama a kan yaro shi ne abin da ya auna da kansa ya rubuta, shi ya sa jerin nan da rana yake farawa, daren kallon sama sai can gaba. Na tsara shi don 'yan shekara 7 zuwa 13, kuma ka bi shi a jere don kowane mataki a kan na baya yake hawa.

1. Haɗa kaya da littafin lura

Abin da kake buƙata: sanda miƙaƙƙiya kamar mita ɗaya, alli, rula, tef ɗin awo, zare mai tsawo, tocila, kwan fitila wanda ba shi da murfi, ƙwallon ƙafa, ƙananan fararen ƙwallayen tebur tenis, kwalin takalmi ko wani dogon kwali, takardar alminiyam, allura, selotef, yashi mai laushi, balan-balan. Yawancinsu suna nan a gida ko makaranta, waɗanda za su ci kuɗi su ne ƙwallayen da batir, su ma ba wani abin tashin hankali ba ne.

Kowane yaro ya samu littafinsa daban, ba na aji ba. Dokar littafin guda ɗaya ce, kafin kowane gwaji yaro zai rubuta ko ya zana abin da yake zaton zai faru, bayan an gama ya rubuta abin da ya faru. Kar ka ba da maki a kan zaton, ranar da ka fara sa jan biro a kansa ranar za su daina faɗin abin da ke ransu su koma jiran amsarka.

Wani abu kuma, idan za ka sanar da iyaye ka ce ilimin falaki ko kimiyyar sararin samaniya. In ka ce ilimin taurari kawai wasu za su ɗauka duba za ka koya wa yaransu.

2. Sandar inuwa

Ka samu fili mai laushi da rana ke bugawa tun safe har yamma, ka kafa sandar a tsaye cak. Don ka tabbatar ba ta karkata ba ka ɗaura ɗan dutse a zare ka saki kusa da ita, in sun yi daidai shikenan. Duk bayan awa ɗaya yaro ɗaya ya sa alama a ƙarshen inuwar, wani ya auna tsawonta, wani ya rubuta lokaci. Daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2 a koma yi duk minti 15 saboda a nan abin yake.

Za su ga inuwa doguwa da safe tana nuna yamma, tana ta gajarta, sannan ta sake tsawo ta nufi gabas. Inuwar da ta fi kowacce gajarta tana kwance ne a kan layin arewa da kudu, kenan sun samo alƙibloli huɗu ba tare da kamfas ba. Kuma galibi ba ƙarfe 12 daidai take faɗowa ba, ka bar su su yi gardama a kai kafin ka ce musu agogo yarjejeniyar mutane ce ta yanki guda, rana ba ruwanta da shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne wani ya taɓa sandar ko a cire ta lokacin tara a mayar, duk awon ya lalace. Ka zagaye ta da duwatsu. Sannan kar ka ce musu inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa, ya danganta da inda mutum yake a duniya, a yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya ma tana canza ɓangare a cikin shekara.

3. Dare da rana a ɗaki mai duhu

Washegari ka rufe tagogi, ka kunna kwan fitila a tsakiya, ka manna guntun fensir a tsaye a jikin ƙwallon ƙafa da selotef ya zama sandarsu ta jiya. Ka ce su nemo hanyar da inuwar guntun fensirin za ta yi abin da ta waje ta yi. Wasu za su ɗauki fitilar su zagaya ƙwallon da ita, wasu za su juya ƙwallon, kuma duka biyun suna ba da inuwa iri ɗaya, wannan shi ne daɗin abin. Sai yanzu za ka gaya musu duniya ce ke juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa, 360 a awa 24.

In kana son taɓa maganar zafi da sanyi, haska tocila kai tsaye a kan takarda mai gida-gida su zagaye hasken su ƙirga gidajen, sai a karkata takardar a sake ƙirgawa, haske ɗaya ne amma ya bazu ya yi rauni. Duniya a karkace take da kamar digiri 23 da rabi, daga nan yanayi ke canzawa. Da yawa har manya suna cewa lokacin zafi duniya ce ta matso kusa da rana, alhali a farkon Janairu take fi kusa, kamar kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kamar miliyan 152.

4. Auna rana da kwali

Gargaɗi tun kafin a fita: ba a kallon rana da ido, ko na ƙiftawa ne. Baƙin tabarau, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko ɗaya ba ya kare ido, kuma lahanin ba ya zuwa da zafi balle yaro ya ankara. Ka maimaita musu wannan har su gaji da ji.

Ka yanke ɗan murabba'i a gefe ɗaya na kwalin, ka manna takardar alminiyam a wurin, ka huda ta da allura sau ɗaya tak. A ɗaya gefen ta ciki ka manna farar takarda, sannan ka yanke ƙaramar taga a gefe ta leƙawa. Yaro ya ba rana baya, ya ɗora kwalin a kafaɗa hudar tana fuskantar rana, zai ga ɗan farin da'ira a kan takardar. Wannan hoton rana ne. In ba su yarda ba ka yi hudar mai kusurwa uku ƙarama, da'ira dai za ta fito.

Manyan cikinsu za su iya lissafi. Idan tsakanin huda da takarda mita ɗaya ne, faɗin da'irar zai zo kusan milimita 9. A raba 9 da 1000 a ninka da nisan rana, kilomita miliyan 150, za a samu kusan kilomita 1,350,000, ainihin faɗin rana kuwa kusan 1,392,000 ne. Yaro da kwali da rula ya zo kusa haka, ka ga fuskarsa lokacin. Kar a faɗaɗa hudar don a samu ƙarin haske, hoton dusashewa zai yi, dogon kwali shi ke ba da babban hoto.

5. Littafin wata, kwana 30

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci kuma shi na fi so, kar ka tsallake shi. A fara kwana biyu ko uku bayan tsayuwar sabon wata. Kullum bayan faɗuwar rana yaro ya tsaya a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ya zana siffar watan da kuma inda yake idan aka kwatanta da wata bishiya ko rufin gini. Ka koya musu awo da dunƙulen hannu, in ka miƙe hannu gaba ɗaya faɗin dunƙulenka kusan digiri 10 ne a sama, na yaro ma haka tunda hannunsa gajere ne. Za su ga wata yana matsawa gabas da ɗan fiye da dunƙule ɗaya kowace rana.

Bayan ya cika, wajen kwana na 15, sai ƙorafi ya fara zuwa, malam wata ya ɓace. Bai ɓace ba, kullum yana jinkirin fitowa da kusan minti 50 ne, toh sai a koma dubansa da safe ta yamma, kuma a nan da yawansu za su fara ganin wata da rana tsaka a karon farko a rayuwarsu. Zagayen daga sabon wata zuwa sabon wata kusan kwana 29 da rabi ne.

Ranar da hadari ya rufe a rubuta hadari, kar a ƙirƙira zane. Na taɓa karɓar littattafai na ga yara biyar da zane iri ɗaya sak har da ranar da aka kwana ana ruwa, tun daga lokacin nake yabon wanda ya bar gurbi a gaban kowa.

6. Me ya sa wata ke canza siffa

Sai an gama littafin za a yi wannan, in ka yi shi kafin nan ka ba da amsar tambayar da ba su yi ba. Ka huda ƙwallon tebur tenis ka soka fensir, kowane yaro da nasa. Ɗaki ya yi duhu sosai, kwan fitila ɗaya a tsakiya daidai tsayin kai ko sama kaɗan. Fitila ita ce rana, ƙwallon wata, kan yaro duniya. Ya miƙe hannu ya fuskanci fitila, gefen ƙwallon da yake gani baƙi ne, babu wata kenan. Sai ya riƙa juyawa ta hagunsa a hankali ƙwallon na gabansa, zai ga siririn haske kamar lauje, sannan rabi, in ya ba fitila baya ya cika, ya ci gaba ya ga yana raguwa. Ya ɗauko littafinsa ya nemo inda zai tsaya don samun zanen kwana na 4, na 8, na 20.

A kula, lokacin da ya ba fitila baya ya ɗaga ƙwallon sama da kansa kaɗan, in ba haka ba inuwar kansa za ta rufe shi. In hakan ya faru kar ka gyara da sauri, ka ce ga husufin wata nan ka yi. In kuma ƙwallon ya tare masa fitila, husufin rana. Lallai wani zai tambaya me ya sa ba a husufi kowane wata, amsar ita ce hanyar wata a karkace take da kamar digiri 5, yawanci ta sama ko ta ƙasan inuwar yake wucewa.

Babban kuskuren da za ka yi ta yaƙi da shi shi ne cewa inuwar duniya ce ke cinye wata har ya zama lauje. Ko bayan gwajin wasu za su koma kanta, ka tambaye su ina kansu yake lokacin da suka ga laujen, inuwar kan tana bayansu, ba ta ko kusa da ƙwallon. Ɗaki mai fararen bango yana dawo da haske ya ɓata gwajin, in haka ne ka rataya baƙin ƙyalle.

7. Tattakin duniyoyi

Hotunan da ke littattafai suna nuna duniyoyi a jere kusa-kusa kamar awaki a turke, wannan tattakin ne ke gyara shi. Ka ajiye ƙwallon ƙafa, faɗinsa kusan santimita 22, a matsayin rana. A wannan ma'aunin duniyarmu milimita 2 ce, kamar kan allura mai ƙulli. Ka zana kowace duniya a kan kati da girmanta, kafin a tafi kowa ya je ya tsaya inda yake zaton duniyarmu take, yawanci taku biyu uku za su yi.

Sai a auna: Makuri mita 9, Zuhura mita 17, duniyarmu kusan mita 24, wata kuma santimita 6 kacal daga gare ta, Mas mita 36. Daga nan abin ya fara nisa, Jufita mai faɗin santimita 2 da ɗoriya tana mita 123, Zuhal mai zobe mita 226, Yuranus 453, Neftun 711. Yawancin filaye a Jufita ko Zuhal suke ƙarewa, ba laifi, sauran a faɗa da baki. A duniyarmu ka tsaya ka ce musu haske yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso nan daga ƙwallon can. Tauraron da ya fi kusa da rana kuwa, Proxima Centauri, a wannan ma'aunin sai an yi tafiyar fiye da kilomita 6,000.

Kar ka haɗa ma'auni biyu, wato girma da ma'auni ɗaya nisa da wani, ka koma gidan jiya kenan. Za su tambayi Fuluto, ka ce tana nan, a 2006 ne masana suka mayar da ita rukunin ƙananan duniyoyi. In za a fita titi a samu babba a gaba da babba a baya.

8. Ramukan wata

Faranti mai zurfi, yashi mai laushi busasshe, a barbaɗa garin alli ko toka a sama. A saki dutse ɗaya daga santimita 30, 60, 90, a auna faɗin ramin, sannan a canza girman dutse tsayi ɗaya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Saki ake yi ba jifa ba, in ba ka faɗi wannan tun farko ba darasin zai ƙare da yashi a idon wani. A ƙarshe a haska tocila ta gefe a cikin duhu a ga yadda ramukan ke fitowa, sannan ta sama a ga yadda suke ɓacewa, za su buƙaci wannan a mataki na gaba.

9. Daren kallo

Zaɓen rana shi ne rabin aikin. In wata ake son gani a zaɓi kwana na 6 zuwa 9, lokacin da yake rabi, ramuka da tsaunuka suna fitowa ras a kan iyakar haske da duhu. Karon farko da na shirya irin wannan dare na zaɓi daren sha huɗu don ina ganin shi ne ya fi kyau, muka kalli farin faifai mai kashe ido, taurari ma hasken ya haɗiye su. In taurari ake so a zaɓi daren da babu wata.

Kai ka fita daren jiya kai kaɗai ka nemo komai tukuna. Manhajar Stellarium za ta nuna maka abin da ke sama a wurinka da lokacinka, akwai ta kyauta a kwamfuta. Abubuwa uku ko huɗu sun isa dare ɗaya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, farin haske ɗaya na waya ya rusa shi, don haka a rufe bakin tocila da jar leda, wayoyi a aljihu.

Da ido kawai a fara. In lokacinsu ne, wato wajen Disamba zuwa Maris da farkon dare, a nemo taurari ukun nan da ke jere a cikin rukunin taurarin da ake kira Oriyon, a bi layinsu ta gefe ɗaya a kai ga Siriyus wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, ta ɗaya gefen a kai ga kaza da 'ya'yanta, kowa ya ƙirga nawa yake gani. A nuna musu tauraro yana ƙyalƙyali, duniya kamar Zuhura ko Jufita haskenta a tsaye yake. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma ana ganinta da ido, farin ɗigo mai haske yana tafiya ba ƙiftawa, tana sama da kusan kilomita 400 tana zagaya duniya duk minti 90, ka duba lokacin wucewarta a manhaja, in ka ce musu akwai mutane a ciki ihu za su yi. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba da 12 zuwa 13 ga Agusta kuma ana samun ruwan taurari masu gilmawa, wannan tabarma kawai yake so, a kwanta a kalli sama.

In akwai kuɗin sayen abu ɗaya, tabaron hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ya fi ƙaramin madubi mai arha mai rawar ƙafa amfani nesa ba kusa ba. A jingina shi a kan katanga ko a ɗaure a kan sanda don hannun yaro rawa yake, da shi za a ga ramukan wata da wasu daga manyan watannin Jufita huɗu waɗanda masanin falaki Galileo ya gani a 1610, a zana inda suke yau a dawo gobe a ga sun canza wuri. Kar a bar tabaron a hannun yara da rana ko kaɗan, leƙa rana da shi makanta ce nan take. Yara kada su wuce goma ga babba ɗaya, a samu izinin iyaye a rubuce, a ƙirga kai kafin a fara da bayan an gama, awa ɗaya da rabi ya isa.

10. Roka

Na ajiye shi ƙarshe da gangan don in ka fara da shi ba za su saurari komai ba bayansa. A zura zare cikin sitiro, a ɗaure zaren tsakanin kujeru biyu ya yi tauri, a hura balan-balan a riƙe bakinsa, a manna shi a jikin sitiron a saki. Iska ta yi baya, balan-balan ya yi gaba. A gwada hura kaɗan da hura da yawa a auna nisan.

Rokar ruwa kuma sai da babba. Robar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi ko biyu, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya mai kama baki sosai da aka soka wa allurar hura ƙwallo, famfon keke. A kifa robar bakinta ƙasa a kan mazauni, a yi ta hurawa har toshiyar ta fice. Robar ruwan sha siririya ce tana iya fashewa, kwalbar gilashi kuwa ko a mafarki. Yara su koma baya aƙalla mita 10, a yi a fili nesa da wayoyin wuta da motoci, kuma ba mai sunkuyawa a kan robar. In an hura ta ƙi tashi kar kowa ya matso, mai famfon ya ture ta da doguwar sanda ta fuskanci inda babu mutane. Su gwada babu ruwa, ruwa kashi ɗaya cikin uku, da ruwa kusan cike, su ƙirga daƙiƙun da kowacce ta yi a sama su rubuta kusa da zaton da suka yi tun farko.